Me Ya Sa Zanen Bango Ba Ya Fitowa a Hotonku?

Jama'a, kwanan nan ana ta ƙorafi ɗaya. Mutum ya taka tun daga Wunti ya kutsa cikin garin Bauchi, ya ga zane a fuskar zaure ya burge shi, ya ɗauka da waya, yana dubawa sai ya ga bango fayau, dagin ya ɓace. Sai a ɗora wa waya laifi. Wayar lafiyarta lau, lokacin ne aka saɓa.

Shirin fita ba wuya: takalmi mai daɗin tafiya, gorar ruwa, waya cike da caji. Ku bi lungunan Jahun da Nassarawa da kewayen fadar Sarki a ƙafa, don mai Keke ba zai tsaya muku a kowace ƙofa ba.

To, ga inda ake kuskure. Zanen da za ku gani iri biyu ne. Akwai na fenti, shafaffe, irin na shagon aski da teburin mai shayi. Akwai kuma na magina, wanda ake fitarwa da hannu tun yaɓe yana ɗanye, ko na ƙasa ko na siminti, wani wuri ya yi tudu wani ya yi kwari. Wannan na biyun inuwa ce ke nuna shi. In haske ya doki bangon gaba da gaba, inuwar ta ɓuya a bayan tudun, shi ke nan zane ya kwanta.

Shi ya sa shawarar nan ta "ku fita da sassafe" ba ta yi wa kowane bango aiki. Ku ɗauki misalin zauren da ke kallon gabas. Da ƙarfe 7, rana na haska shi kai tsaye. Zanen ba ya fitowa. Amma wajen ƙarfe 10, da walaha, rana ta ɗaga, haske na gangarowa daga sama. Kowane layi ya samu inuwa a ƙarƙashinsa, dagin ya miƙe. Wanda ke kallon yamma kuwa, ku same shi tsakanin 2 da 3, kafin rana ta sauko ta fuskance shi.

Mai kallon kudu shi ne na sassafe da na bayan la'asar, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da rana ke bi ta kudu, haskenta na shafar bangon ta gefe. Mai kallon arewa a waɗannan watanni ba ya samun rana sam, sai wajen Yuni, da damina. Ni a ganina na kudun nan ya fi kowanne kyau. In kun rasa gane kusurwa, ku nemi alƙiblar masallacin unguwa, ko ku tambayi dattijon da ke zaune a dakali.

Ranar da hazo ya yi kauri, ku haƙura da na magina, don ƙura na watsa haske, inuwa ba ta fita. Ranar ta masu fenti ce. Fentin mai yana ƙyalli a rana, saboda haka ya fi fitowa a inuwa ko a hazo. Ku ɗan karkata gefe, kuma ku kashe fitilar waya.

Kafin ku ɗaga waya, ku yi sallama, gidan mutane ne. A fada ku fara neman izinin dogarai. Kada ku ɗauki matan gida ko yara ba da yardar masu gida ba, ku kuma nisanci bariki da ofisoshin tsaro. In tsohon yaɓen ƙasa ne, kada ku taɓa, kada ku jingina, da farce ma yana ɓantarewa. Ku tambayi sunan maginin ko mai fentin, ku rubuta shi tare da unguwar da ranar da kuka ɗauka, don in kakar zaɓe ta zo, fastoci da fentin kamfe na rufe bango da yawa.