Waƙoƙin Leburorin Dogo da na Mahaƙa: Yadda Ake Gina Su, da Yadda Suke Lalacewa a Dandamali

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma.

Waƙoƙin da aikin jirgin ƙasa da haƙar ma'adinai suka haifar iri biyu ne, kuma duk wanda ya cakuɗa su zai sha wahala in ya zo ɗora su a dandamali. Akwai waƙar da ake aiki da ita, akwai kuma wadda ake ba da labarin aikin da ita bayan an tashi.

Mu fara da ta farko. A Amurka, wajen 1870, in za a fasa dutse don layin dogo ya ratsa ta cikinsa, mutum biyu ne ke huda kowane rami. Ɗaya ya durƙusa ya riƙe doguwar sandar ƙarfe mai kaifin baki, ɗaya ya tsaya yana dukan kanta da guduma mai nauyin kilo 4 ko fiye. Bayan kowane bugu, mai riƙon zai ɗan murza sandar ya girgiza ta, don bakin ya ci sabon wuri, garin dutsen kuma ya saki. In ramin ya yi zurfi a sauya sanda da wadda ta fi ta tsawo, a ƙarshe a ɗura albarushi ko nakiya a fasa. To, me zai gaya wa mai riƙon lokacin da guduma za ta sauko, alhali fitilar wurin da ƙyar take nuna masa hannunsa? Waƙa. Mai guduma yana rera rabin ɗango, ya bar gurbi, gudumar ta faɗa cikin gurbin tare da nishinsa, sannan ya ƙarasa. Matan da suka iya lugude a turmi guda sun san wannan lissafi. Shi ya sa waƙar guduma take tafiya a hankali, kalmominta kaɗan, maimaici da yawa. In mai waƙa ya yi hanzari, sandar ba ta gama juyawa ba bugu zai iso, ko ta maƙale a rami ko a murƙushe wa mutum yatsu.

Daga wannan aiki labarin John Henry ya fito, baƙar fatan da aka ce ya yi gasa da injin huda dutse mai aiki da tururi, ya ci, ya faɗi matacce. Mutanen Talcott a jihar West Virginia sun ce a ramin Big Bend aka yi, wanda aka haƙa wa kamfanin Chesapeake and Ohio a farkon shekarun 1870. Masanin tarihi Scott Reynolds Nelson ya ce a'a, ramin Lewis ne a Virginia, kuma mutumin fursuna ne da aka ba kamfani haya. Wasu suna kai shi Alabama. Gasar kanta ba abin mamaki ba ce, don injinan farko suna yawan toshewa da ƙura, bakinsu yana karyewa. Abin da ya fi kashe leburori ma ƙurar ce: huda dutse a bushe yana tayar da gari mai laushi da ke daskarewa a huhu. Waƙar labarin, wadda ake bugawa da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya irin molo, cikin sauri, gasar take so, ba ruwanta da huhu. Ba kuma za ka iya ɗaga guduma da ita ba ko na minti biyu.

Waƙar labari tana da nata ƙa'idoji. Baiti mai ɗango huɗu, a faɗi suna, a faɗi wuri, a faɗi lokaci, a nuna alamar cewa abu zai faru, sannan hatsari, sannan kalmar ƙarshe ta mamaci ko ta iyalinsa. Dubi Casey Jones, direban jirgin fasinja na kamfanin Illinois Central. Daren 30 ga Afrilu 1900 yana ƙoƙarin cike lattin da jirginsa ya yi, sai ya tarar da taragun wani jirgin kaya a kan layinsa a Vaughan, jihar Mississippi. Ya ce wa mai zuba masa kwal, Sim Webb, ya yi tsalle, shi ya tsaya kan birki. Shi kaɗai ya mutu. Wani lebura mai goge injina, Wallace Saunders, ya tsara waƙar farko. Da ta shiga hannun masu wasan barkwanci na gidajen kallo, aka buga ta a 1909 da ƙarin baitin da ke nuna wai matarsa tana da wani mijin a gefe. 'Yan kallo suka yi dariya, matar kuwa ta rayu kusan shekara 50 tana ƙaryata wannan baiti. Wannan ne aibin farko na dandamali: yana neman dariya a inda iyalan mamaci ke raye.

Ta mahaƙa ta fi ɗaci, don ba jarumi guda take bi ba, adadi take ƙirgawa. A Gresford, arewacin Wales, ramin kwal ya fashe ranar 22 ga Satumba 1934, mutum 266 suka mutu, gawa 11 kacal aka fitar, aka toshe sauran a ciki. Waƙar da ta biyo baya tuhuma ce kai tsaye ga masu ramin, har da zancen takardun binciken iska da suka yi ɓatan dabo.

Yanzu ga matsalar mai shirya wasan waƙe. Waƙar labari minti uku ce ko huɗu, wasa kuwa awa biyu da rabi. Jarumin waƙa ba ya canzawa, an haife shi da ƙaddararsa, ya tafi ya same ta. In ka miƙar da wannan ya cika awa biyu, kafin hutun tsakiya kowa ya san ƙarshe, ya fara duba waya. Waɗanda suka yi nasara sun nemo rayayyen mutum suka tsayar da shi a gefen tarihin. Wasan waƙe mai suna Billy Elliot, da aka buɗe a Landan a 2005, Lee Hall ya rubuta, Elton John ya yi kiɗa, ya ɗauki yajin aikin mahaƙan kwal na Birtaniya na 1984 zuwa 1985, amma ya rataya labarin a wuyan yaro ɗan mahaƙi mai son koyon rawa. Akwai wurin da aka haɗa ajin rawar yara da arangamar 'yan sanda da masu yaji a fili ɗaya, cikin waƙa ɗaya. A ganina nan ne wasan ya fi ƙarfi, don ba wanda ya tsaya ya yi wa 'yan kallo bayanin siyasa. Tsadarsa kuma sananniya ce: dole a horar da yara uku ko huɗu suna karɓa-karɓa, kuma da murya ta fashe sai a nemi wani.

Sauran kurakuran na hannu ne. Gudumar gaske a kan ƙarfe tana danne muryar mawaƙi. Ta roba kuwa jiki yana tona mata asiri, don kafaɗa ba ta nuna nauyi. Maganin shi ne ɗan wasa ya yi atisaye da ta gaske har jikinsa ya haddace, ya riƙe marar nauyi a dandamali, makaɗi ya buga ƙarfe daga gefe daidai saukarta. Duhun rami ma ba a nuna shi da kashe fitilu duka. A bar fitilun hular mahaƙa, amma a sunkuyar da su, in ba haka ba suna kashe wa na layin gaba ido.

Mu a Nijeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙan kwal 21 a Iva Valley, Enugu. Shekara ba ta zagayo sosai ba Hubert Ogunde ya fito da wasan waƙe mai suna Bread and Bullet, ya zaga da shi gari-gari, hukuma ta hana nuna shi a wasu wurare a Arewa. A nan gida kuma, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya bar mana Waƙar Diga a kan aikin layin da ya isa Kano a 1911. Sai dai rubutacciya ce, ta sarki, ba wadda lebura ya ɗaga diga da ita ba.

Filin da har yanzu yake jiran mai shiga shi ne kuzar Jos: ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya isa Bukuru a 1914 don kwasar ta, da aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da aka ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa sanyin Filato. Wanda zai yi wasa a kan wannan kada ya aro karin guduma daga Amurka. Yawancin haƙar kuza a buɗaɗɗen rami ake yi, da diga da shebur, da jerin mutane ɗauke da kwanon ƙasa a ka suna hawa suna sauka zuwa wurin wanki. Kiɗan sai a gina shi a kan takun masu kwano: nauyi da jinkiri in ana hawa, sauri in an juye an juyo.