Baƙi na Zuwa Arewacin Kanada, Amma a Hannun Wa Kuɗin Ke Tsayawa?

Masu sauraro, sharhinmu na yau kan ƙuryar arewacin Kanada ne, inda ƴan asalin ƙasa irin su Inuit da Dene da Gwich'in ke karɓe harkar yawon buɗe ido daga hannun kamfanonin kudu.

Sai an san yanayin wurin kafin a gane muhimmancin abin. Yankin Nunavut, wanda aka kafa a 1999, garuruwa 25 ne, kuma babu titin mota da ya haɗa ɗaya da ɗaya ko ya haɗa su da kudu. Mutum da jirgin sama yake shiga. Manyan kaya da man fetur sai jirgin ruwa, a ƴan watannin da ƙanƙarar teku ta narke. Don haka komai tsada, aikin albashi kuma kaɗan ne in ba na gwamnati ba.

A irin wannan wuri, yawan baƙi bai kai sanin mai kamfanin muhimmanci ba. Idan na kudu ne, can baƙo zai biya kuɗinsa, a taho masa da tanti da abinci da jagora, ɗan gari ya tashi da ladan yini, kamar ɗan ƙodago a gonar wani. Idan kuwa na ɗan gari ne, kuɗin zai bi ta hannun mai kwalekwale da mai babur ɗin ƙanƙara, da matar da ta ɗinka rigar sanyi da takalmin fata, da mai girki, da dattijon da ya ba da tarihi. Shi ya sa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƴan asalin Kanada ta sa sharaɗin cewa sai sun mallaki aƙalla kashi 51 cikin ɗari kafin a kira kamfani nasu.

Akwai masu yin haka tun da daɗewa. Otal-otal ɗin Inns North mallakar ƙungiyoyin gama-kai ne na garuruwan, kuma ribar tana komawa ga mambobi. Al'ummar Vuntut Gwitchin, reshen Gwich'in da ke Old Crow a yankin Yukon, garin da shi ma ba titi, tana da kashi 49 na kamfanin jirgin sama na Air North, wato ko kuɗin tikitin baƙo akwai rabonsu a ciki. A 2019, Dene na Lutsel K'e suka sayi masaukin masu kamun kifi na Frontier Lodge, a shekarar da aka kafa gandun dajin Thaidene Nene a ƙasarsu.

Babban amfanin, a ganinmu, ya wuce albashi. Fita farauta tana cin mai da harsashi da kayan gyara. Jagoran da ya samu kuɗin baƙi a watan Mayu da Yuni, lokacin da ake kai su bakin ƙanƙarar teku kusa da Pond Inlet, da shi zai riƙe babur ɗinsa na ƙanƙara ya ci gaba da kawo nama gida, ya raba wa dangi da tsofaffi. Yaron da ke taya shi kuma yana koyon gane ƙanƙarar da za ta ɗauki nauyi da wadda za ta rufta, da sunayen wurare a Inuktitut, harshen Inuit. Ilimin kakanni ya zama abin cin abinci, matashi bai da dalilin raina shi.

Sai dai harkar ba ta da sauƙi. Lokacin aiki gajere ne, amma lasisi da inshora da kuɗin banki ba sa jira. Hazo ko guguwa na iya hana jirgi sauka kwana da kwanaki, alhali an riga an sayi abinci an ɗauki ma'aikata. Inji ya lalace, ƙaramin ƙarfe ma sai an yi odarsa daga kudu. Masu dabara kan bar kwana ɗaya ko biyu rara a tsarin tafiya, su ajiye kayan gyara tun zuwan jirgin ruwa, su karɓi kafin-alƙalami.

Manyan jiragen ruwa na ƴan yawo kuma sun fi yawan kai fiye da amfani. A 2016 jirgin Crystal Serenity ya kai fasinja kusan 1,000 garin Ulukhaktok mai mutum kusan 400. Irin waɗannan baƙi a jirgi suke ci, a jirgi suke kwana, awoyi kaɗan suke yi a tudu. Ba'amurke ma ko ya so sayen safar hannu ta fatar dabbar ruwa, dokar ƙasarsa ta 1972 ta hana shi shiga da ita gida.

Ga kuma haɗarin dogaro da kasuwa guda. Lokacin da Amurka ta hana shigar da fatar farin beyar a 2008, jagororin farauta na Inuit, waɗanda doka ta ce da su da keken karnukansu ake yin wannan farauta, sun rasa mafi yawan abokan cinikinsu. A 2020 kuma korona ta rufe Nunavut ga ƴan yawo gaba ɗaya. Shi ya sa otal ɗin gama-kai bai raina ma'aikacin gwamnati ko ɗan kwangila ko mai bincike, domin su ne ke cika ɗakuna a watannin da ɗan yawo ba ya zuwa.