Shawara: Suna Ɗaya, Cututtuka Barkatai

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da war haka.

Idan mutum ya wayi gari farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayin da ba madara, ba a jiran likita kafin a raɗa wa abin suna. Duk wanda ya leƙo dubiya zai ce, "Ai shawara ce." Sai a hana shi mai, a hana shi gishiri, a aiki yaro wajen mai magani ya karɓo saiwa a jiƙa. Kuma ba ƙarya suka yi ba, shawarar ce. Sai dai shawara sunan abin da ido ya gani ne kawai. Za ka iya tara mutum biyar a tabarma ɗaya, duk idonsu rawaya, amma na farko sauro ne ya jawo masa, na biyu ruwan sha, na uku askar wanzami, na huɗu gado ya yi daga iyaye, na biyar kuwa tsakuwa ce ta toshe masa hanya a ciki. Jiƙo ɗaya ba zai yi wa mutum biyar ɗin nan aiki ba.

To daga ina launin yake fitowa? Ku tuna ranar Layya, lokacin da ake gyaran kayan ciki. Akwai wata 'yar jaka koriya manne da hanta, wadda ake lallaɓawa a yanke a jefar, domin in ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Matsarmama ke nan, kuma kowannenmu yana da irinta. Jajayen ƙwayoyin jininmu ba sa dawwama, kowace tana yin kwana kamar 120 sai ta tsufa, saifa ta farfasa ta. Daga wannan ɓaraguzai ake samun wani sinadari mai launin rawaya da likitoci ke kira bilirubin. Jini ya kwashe shi ya kai wa hanta, hanta ta sarrafa shi ta zuba cikin ruwan ɗaci, ruwan ya taru a matsarmama, daga nan ya gangara hanji. Shi ne ma yake ba bayan gida launin da muka sani. Kullum haka ake yi, ba dare ba rana, ba tare da mun sani ba. Ranar da sinadarin nan ya rasa hanyar fita ya taru a jini, ranar ido zai yi rawaya.

Wuri uku ne abin ke iya lalacewa. Ko dai sharar ta yi wa hanta yawa, ko hantar ce ba ta da lafiya, ko kuma magudanar ce ta toshe.

Na farko, hanta lafiyarta ƙalau, aiki ne ya fi ƙarfinta. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta hayayyafa, sannan ta fasa su ta fito. In zazzaɓin ya yi tsanani, jini yana fashewa da yawa a lokaci guda, ido ya canza. Haka mai amosanin jini, wato sikila: nasa ƙwayoyin, maimakon kwana 120, tsakanin kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu. Shi ya sa da yawa daga cikin masu sikila ba a raba idonsu da ɗan rawaya-rawaya ko suna cikin lafiya. Wannan kuwa gado ne. In uwa AS ce uba AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ku lura, kowane ciki. Ba wai in an haifi ɗaya mai sikila ukun da za su biyo baya sun tsira ba.

Na uku, toshewar magudana, ba za mu daɗe a kansa ba. Tsakuwa kan taru a matsarmama, ɗaya ta gangaro ta tsaya a bututun, ko wani ƙari ya danne shi. Alamarsa ba ta ɓuya: bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Hoton ciki ke nuna shi, kuma sau da yawa sai an yi aiki. Ba jiƙon da ke ture tsakuwa daga bututu.

Na tsakiyar nan, ciwon hanta, shi ne mai dogon bayani. Likitoci suna cewa hefataitis, ma'anarsa kumburin hanta, kuma ƙwayoyin bairos da ke kawo shi an jera su da baƙaƙe: A, B, C, D, E. Sunan ne ya haɗa su, halinsu daban-daban.

A da E ta baki suke shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. A ya fi kama yara, ya kwantar da mutum wasu makonni, sannan yawanci ya tafi da kansa, ba ya zama a jiki. A nan ne nake ganin asirin wasu masu maganin shawara yake. An ba mutum jiƙon saiwar rawaya, bayan sati uku ido ya washe, sai a ce magani ya ci. Alhali ko ba a ba shi komai ba sai hutu da abinci, da ya warke. E ma yakan wuce da kansa, amma ga mai juna biyu abin tsoro ne ƙwarai: a watannin ƙarshe na ciki yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da ya kama. An ga haka a jihar Diffa ta Nijar a 2017, inda mutanen da rikici ya raba da gidajensu suka cunkushe ba wadataccen ruwa mai tsabta, kuma akasarin waɗanda suka rasu mata ne masu ciki.

B shi ne mugun ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, mafi yawansu ba su sani ba. Abin mamakin shi ne, babba in ya kamu, yana iya yin rashin lafiya, ido ya yi rawaya, amma fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsu na korar ƙwayar. Jariri kuwa in ya ɗauka daga uwa wajen haihuwa, ba zazzaɓi, ba rawayar ido, amma kusan tara cikin goma za su zauna da ita har girma. Tana nan tana cin hanta a hankali, shekara ashirin, shekara talatin. Sai magidanci yana tsakiyar ƙarfinsa ciki ya fara kumbura, ƙafa ta kumbura, a ce sammu ne, a ce an ba shi wani abu ya ci. Alhali hanta ce ta ƙanƙance ta taurare, ko daji ya kama ta. Wato dai ciwon hanta mafi haɗari shi ne wanda bai nuna shawara ba sai a ƙarshe.

Ta jini da ruwan jiki yake yaɗuwa: haihuwa, saduwar aure, allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire beli, ƙaho, reza ta aro, almakashin mai yankan farce da ba a tafasa ba. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya, ko musafaha, ko zama kusa da mai shi. Wannan ya kamata a ji shi da kyau, domin akwai gidajen da ake ware wa mutum kofi da cokali a bar shi da baƙin ciki a banza. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar a cikin jini a shekarun 1960, ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Akwai rigakafi, Najeriya ta sa shi cikin allurar yara tun 2004, kuma ta farkon ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ba sai an jira suna ba. Wanda ya riga ya kamu, akwai ƙwayoyi irin su tenofobir da ke danne cutar su kare hanta, ko da yake ba sa raba mutum da ita kwata-kwata. D kuwa ɗan rakiya ne, ba ya iya zama sai a jikin mai B.

Ga wani abu da ke ƙara wa mai B nauyi, kuma a rumbunmu yake. Gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi takan yi fumfuna, fumfunar nan tana fitar da dafi mai suna afulatoksin. An gano shi ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da suka ci. Dafin shi kaɗai yana kawo dajin hanta, in ya haɗu da B haɗarin ya ninka sau da yawa. Ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka tsince aka ce ai ta ƙuli-ƙuli ce, ita ake nufi.

C ma ta jini ne, ba a gano shi ba sai 1989, ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkewa da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Masar ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen yawan masu shi, sanadin allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a da sirinjin da ba a tafasa sosai ba. Daga 2018 suka gwada sama da mutum miliyan 50, suka ba waɗanda aka samu magani kyauta.

Ba bairos kaɗai ke kumbura hanta ba. Giya na yi. Farasitamol in ya wuce ƙima yana yi, babba bai kamata ya haura ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini ba. Haɗe-haɗen jiƙo na cikin jarka da ba wanda ya san abin da ke ciki shi ma yana yi, kuma abin takaici, shi ake ɗura wa wanda hantarsa ta riga ta galabaita.

Sai zazzaɓin shawara, wanda ake yi wa katin rawaya in za a yi tafiya ƙasar waje. Wannan sauro ne ke kawo shi, amma ba na maleriya ba, wani ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana. Zazzaɓin ya ɓulla a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi a 2019, wajejen Yankari. Rigakafinsa yana da labari: a 1927 aka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, wanda ya kamu ya warke. Daga ƙwayar da aka samu a jininsa Max Theiler ya samar da rigakafin a 1937, kuma jikokin wannan ƙwayar ake yi wa mutane har yau. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Na bar shawarar jarirai a ƙarshe da gangan, domin ita ce aka fi rainawa. Kusan jarirai shida cikin goma sukan yi ɗan rawaya a makon farko, saboda an haife su da jini mai yawa kuma hantarsu ba ta gama ƙwari ba. Yawanci yakan fito a kwana na biyu ko na uku, ya baje da kansa in jariri na samun nono sosai. Amma in sinadarin ya hau da yawa, yana tsallakawa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa: kurumta, sanƙarewar gaɓoɓi, yaro ya kasa zama ko tafiya. Abin da ke sa ya hau haka, akwai saɓanin rukunin jini tsakanin uwa da ɗa, akwai haihuwar bakwaini, akwai cutar da ta shiga ta cibiya, akwai kuma wani ƙarancin sinadari na gado da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Jariri mai wannan, ƙamshin kafur ɗin da aka zuba cikin akwatin kayansa kaɗai ya isa ya farfasa masa jini. Lalle ma haka.

Maganinta haske ne. A wani asibiti a Rochford ta Ingila, a shekarun 1950, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward ta lura jariran da take fitarwa shan iska fatarsu na washewa in ban da inda zani ya rufe. Daga nan aka ƙera fitila mai shuɗin haske da ke narkar da sinadarin ya fita ta fitsari da kashi. Amma kada a ce to sai a shanya jariri a rana, zafinta na ƙona shi ya busar da ruwan jikinsa. Ruwan gulukos ma ba ya wanke ta.

Mai jego tana ɗaki, ɗakin da duhu, jariri a naɗe, shi ya sa ake makara. Kullum a makon farko a fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, a danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa a ɗaga, a duba launin wurin, a duba ido da dasashi. In rawayar ta fito tun ranar da aka haife shi, ko ta sauko ciki da cinya, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ya ƙi kama nono, ko yana wani kuka mai tsini yana banƙarewa, a ranar za a kai shi asibiti a auna jininsa, ko da gobe ne suna.