Wa ya riƙe jirgin, hasumiya ko kamfani?

[Hoto: filin jirgin Diori Hamani da dare, fitilun titin jirgi]

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan saƙonni sun yi ta shigo mana ta WhatsApp, kuma kusan duk kuka ɗaya ne. An shigar da mutane jirgi, an rufe ƙofa, gumi ya jiƙa kowa, yara na kuka, sai matuƙi ya ce a yi haƙuri, ana jiran izini daga hasumiya. Wani ya ɗauko mana sama ta taga da wayarsa, yana cewa ku duba, ko shirwa babu, to me ake jira? Daga nan zagi ya koma kan ma'aikatan hasumiya, wai suna can sama suna shan shayi sun manta da bayin Allah.

Fushin yana kan hanya, tafiyar jirgi ta lalace mana. Sai dai a mafi yawan lokuta ba wanda ya kar zomon ake jifa ba, mai rataya ne.

[Hoto: kantar awon kaya, motar ɗaukar fasinja, hasumiya]

Hannu uku ne a cikin tafiyarku. Kamfanin da ya sayar muku da biye, shi ke da jirgi da matuƙa da jadawali. Filin jirgi, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta aka buɗe a 2019 gab da taron Tarayyar Afirka, shi ke da zaure da kujeru da bel ɗin kaya. Sai masu kula da sararin sama, su ne masu hasumiya, wato ASECNA, hukumar da aka kafa ranar 12 ga Disamba 1959 a Saint-Louis ta Senegal, hedikwatarta a Dakar. Sararin da ke hannunta ya kai murabba'in kilomita miliyan 16, an raba shi yanki shida, ɗaya daga ciki sunan Yamai yake ɗauke da shi. Waɗannan na ukun ba su sayar da biye, ba su taɓa balis ɗinku, ba su san ma sunanku ba. Jirgi suka sani, da lambarsa, da tsayin da yake.

To mu tsaya a nan, don a nan ne aka ɓata.

[Hoto: taswirar hanyoyin jirage a kan Nijar, ɗigo-ɗigo suna motsi]

Saman da kuke gani fayau ta taga, ƙasanta kawai kuke gani. Jiragen da ke ratsa mu suna can tsayin kilomita 10 zuwa 12, ido bai cika kama su ba, balle da dare. Kuma Nijar tana kan babbar hanya. Jirgin da ya taso daga Turai zai je Legas ko Akara ko Afirka ta Kudu, da yawa ta kanmu suke bi. Kun tuna lokacin da aka rufe sararin samaniyarmu daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023? Sai da manyan kamfanonin duniya suka yi ta dogon zagaye, suna ƙona ƙarin mai, don ga Sudan a rufe, ga Libiya ana gudunta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yawan abin da ke wucewa bisa kanmu muna barci.

Waɗannan jiragen ba yawo suke yadda suka ga dama ba. Akwai hanyoyi a shate, kowace da sunanta, kuma kowace hanya hawa-hawa ce. Tsakanin hawa da hawa ƙafa 1,000, wajen mita 300. Mai nufar gabas yana ɗaukar hawa mai lamba mara, mai nufar yamma mai lamba cika, don kada su yi gaba da gaba. Idan kuma jirage biyu suna hawa ɗaya, hanya ɗaya, sai an bar tazara tsakaninsu. Inda ma'aikaci ke ganinsu a allonsa, ta radar ko ta tauraron ɗan'adam, tazarar na iya sauka har wajen kilomita 9. Inda ba ya ganinsu, sai dai matuƙi ya faɗa masa ta rediyo cewa na wuce wuri kaza da ƙarfe kaza, to da agogo ake aunawa, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce minti 10. Jirgi mai gudun kilomita 850 a awa, minti 10 ɗinsa ya kai kilomita 140. Daga Yamai zuwa Doso ke nan, fili fetal, an bar shi don jirgi ɗaya.

[Hoto: takardar shirin tafiya a hannun matuƙi]

Yanzu ga matakin da ba a gaya wa fasinja. Kafin jirgi ya tashi, kamfani yana aika shirin tafiya, aƙalla awa guda kafin lokaci: zan tashi ƙarfe kaza, zan bi hanya kaza, ina son hawa kaza. Wannan takardar ba a Yamai kaɗai take tsayawa ba. Tana zuwa ga duk cibiyar da jirgin zai ratsa, ko Kano, ko Akara, ko Aljas, ko Njamena, ko Dakar. Kowa ya san yana tafe, kowa ya sa shi a lissafi. Idan jirgin ya makara fiye da minti 30, dole a aika gyara, ko a soke shirin a shigar da sabo. Gurbin da ya nema ɗazu ba a ɗaure masa shi ba.

Kamar layin injin niƙa ne. Kin ajiye kwanonki da sassafe, aka zo kanki ba kya nan, mai injin ba zai kashe inji ya zauna jiranki ba. Kin dawo da hantsi, sai ya duba inda zai saka ki.

Haka ma'aikacin hasumiya yake yi. Jirgin da ya kamata ya tashi ƙarfe 11 na dare ya shirya ƙarfe 2, daidai lokacin da masu ratsawa suka yi yawa. Matuƙi ya kira ya nemi izinin tada inji. Ma'aikacin ya duba, hawan da ake so akwai wani a kai, kuma hanyarsu za ta haɗu nan da minti 20. Sai ya ɗauki waya ya kira maƙwabcinsa na cibiyar gaba, ya ce ga jirgi kaza, zai iso iyakarka ƙarfe kaza, ka karɓe shi a hawa kaza? Wancan ya ce a'a, ina da wani a wurin, ka ba ni shi ƙasa da haka ko ka jinkirta shi. A koma ga matuƙi: za ka karɓi hawa na ƙasa? Shi kuma ya duba mansa, don jirgi ya fi shan mai idan yana ƙasa-ƙasa. In man bai ba shi dama ba, ya ce zan jira. Duk wannan cinikin ana yinsa ne kuna zaune kuna fifita da katin shiga.

Sai matuƙi ya ɗauki lasifika ya ce muna jiran izinin hasumiya. Bai yi ƙarya ba. Amma minti 15 na ƙarshe ya ba ku labari, awa ukun farko ya haɗiye su. Ku kuma kunnenku ya kama kalmar hasumiya, kuka ɗora mata duka.

[Hoto: jirgi yana sauka, ana sauke kaya a guje]

Ina awa ukun suka tafi? Mu bi su da sauri. Yawancin kamfanonin yankinmu jiragensu kaɗan ne, jirgi ɗaya zai yi Lome, Wagadugu, Yamai, ya koma, ya sake fita. Ya makara da safe a can, jinkirin nan zai bi shi har dare, yana ƙaruwa a kowane zango. Wani ƙarfe ya lalace, babu madadinsa a kusa, sai an kawo daga wata ƙasa. Matuƙa sun cika awoyin aikinsu, doka ta ce sai sun huta, kuma wannan dokar ni ina bayanta ɗari bisa ɗari. Mai bai iso da wuri ba. Fasinja ya ba da kaya bai shiga ba, dole a tono balis ɗinsa daga cikin jirgi a fitar.

Sai yanayi. Lokacin hunturu, idan ƙura ta rufe Yamai har ba ka hango ƙetaren Gadar Kennedy, jirgin da ke saukowa da taimakon na'ura yana da iyaka: in ya sauko wajen mita 60 daga ƙasa matuƙi bai ga fitilun titi ba, dole ya sake tashi. A bazara kuma, watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, sai a rage nauyi. Wani lokacin abin da ya sa kuka sauka kayanku suka kwana a baya ke nan. Da damina ga hadarin da ke tasowa daga gabas, wanda ba matuƙin da ke wasa da shi.

[Hoto: zauren jira, mutane kwance bisa kujeru]

A nan hotuna sun yi mana kaɗan, don ba a cika barin ɗauka a ciki ba, sai ku saurara. Wani dare ina zauren nan, kusa da ni wata dattijuwa da ta taso daga Tawa a mota, fiye da kilomita 500, za ta je ganin ɗanta. Ƙafafunta sun kumbura, ta tuɓe takalmi ta ɗora su kan jakarta. Ruwan gorarta an karɓe a wurin bincike. Allo ya daɗe yana nuna lokacin da ya riga ya wuce. Ta ce mini, ɗana, ko jirgin ya tafi ne ban ji ba? Na ce a'a Inna, bai ma iso ba. Babu ma'aikacin kamfanin ko ɗaya da ya fito ya faɗi haka da Hausa ko Zabarmanci. An yi sanarwa sau ɗaya da Faransanci, cikin lasifikar da ke shaƙewa. Wannan ba aikin hasumiya ba ne, ba ƙura ba ce, rashin ganin girman mutum ne, kuma shi ya fi ci mini rai.

Tun da kamfanin jiragen Air Afrique ya durƙushe a 2002, zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ma sai ka yada zango a wani birni, wani lokacin ka kwana. An sa hannu a yarjejeniyar Yamusukuro a 1999 don a buɗe sararin Afirka ga kamfanonin Afirka, an ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya a 2018, amma mai sayen biye a Yamai har yau bai gani a aljihunsa ba. Inda zaɓi ya yi kaɗan, kamfani ba ya tsoron fushinka, ya san gobe za ka dawo.

[Hoto: ƙofar makarantar EAMAC, ɗalibai gaban allunan koyo]

Kada ku ɗauka ina wanke ɓangaren sama tas. Su kansu ma'aikatan suna da kuka da shugabanninsu. Ranar 23 ga Satumba 2022 ƙungiyarsu ta USYCAA ta shiga yajin aikin awa 48 kan yanayin aiki da albashi, aka soke jirage birjik daga Dakar har Duwala, kafin su janye washegari. A lokacin ɗan ƙasarmu Mohamed Moussa ne ke shugabantar hukumar ASECNA, ya riƙe ta daga 2017 zuwa ƙarshen 2024, yanzu Prosper Zo'o Minto'o na Gabon ne. Kuma akasarin waɗannan ma'aikata a nan Yamai aka horar da su, a EAMAC, makarantar da ke aiki tun 1963. Abin alfahari ne gare mu.

Ra'ayina a nan a fili yake. Mutumin da ke riƙe da jirage da dama a kansa ƙarfe 3 na dare, yana magana da wannan da Turanci, da wancan da Faransanci, idan ya ce ya gaji ko hannu bai isa ba, a saurare shi tun kafin ya kai ga ajiye aiki. Idan rediyo na yankewa a wani yanki ko layin waya tsakanin cibiyoyi ya mutu, ba shi da abin yi sai ya faɗaɗa tazara, jinkirin kuma ya faɗo kanku. Wannan jinkirin na shugabanci ne, na masu sayen kayan aiki da ɗaukar ma'aikata. Kamfanonin jirage suna biyan kuɗin ratsa sararin nan, don haka tambayar ina kuɗin ke shiga tambaya ce ta halal.

[Hoto: katin shiga, kantar korafin kaya]

In ta same ku, ku riƙe katin shiga da ɗan tikitin kaya. Balis bai fito ba, kada ku bar filin sai kun cike takardar ɓatan kaya. Ƙungiyar UEMOA tana da doka tun 2003 kan haƙƙin fasinjan da aka hana shiga, ko aka soke tafiyarsa, ko aka yi masa dogon jinkiri, kuma hukumar ANAC ce ke sa ido kan kamfanoni a ƙasar nan. Ku kai kuka a rubuce.

Sannan ku san wannan: duk jirgin da ya makara, kamfani yana rubuta dalili da wata lamba ta ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Lamba 93, alal misali, tana nufin jirgin ne ya iso a makare daga zangon baya. Jinkirin masu kula da sama yana da nasa lambobin daban. Ke nan an san na wane ne, minti nawa ne, tun kafin ku sauka. Abin da nake roƙon ANAC shi ne ta riƙa karɓar waɗannan lambobin tana wallafa su duk wata, kamfani-kamfani, a kuma karanta su a rediyo da Hausa da Zabarmanci.