Binciken Noma: A Tambayi Mai Gona Tukuna

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu manoma da suka baro aiki suka zo, ina gaishe ku.

Tun 1922 ake binciken noma a Samaru ta Zariya, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa (IITA) ta Ibadan kuma tun 1967 take aiki. Iri masu kyau sun fito daga wuraren nan, ba na musu. Abin da ke damuna shi ne, wa ke zaɓar abin da za a bincika?

Ku ɗauki wake. An daɗe mai bincike ƙwaya kawai yake aunawa, buhu nawa hekta ta bayar. Shi kuwa manomin Bichi ko na Maraɗi abu biyu yake nema, ƙwaya da harawa. Ka kai masa iri mai 'ya'ya da yawa amma ba ganye, ya karɓa ya yi godiya, baɗi ya koma wa irinsa na gado. Sai mu ce ba ya son ci gaba. A'a, tumakinsa yake tunawa a bazara, lokacin da daji ya zama fili fetal. Sai da masu bincike a tashar IITA ta Kano suka saurare shi, sannan aka mai da hankali ga iri mai ba da duka biyun.

Ga kuma ajiya. Na taɓa zura hannu a buhun wake wata uku bayan kaka, na ɗebo gari da ƙwari, kowace ƙwaya da huda. Matar gidan tana tsaye, ba ta ce uffan ba. Wallahi har yau abin yana raina. Tsoron wannan asarar ke sa a sayar da rahusa da kaka, ko a zuba fiya-fiya, har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Maganin fa? Buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fitar tare da masu bincike na Afirka: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure tam, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu. Ba digon magani.

Don haka kuɗin bincike, ni dai a ganina, a karkata shi ga rumbu, ga wuta-wuta da ke cinye dawa da gero, ga malaman gona da suka yi ƙaranci a ƙauyuka.

Baba, na ga tun ɗazu hannunka na sama. A miƙa masa lasifika, Allah ya ƙara girma.