Abin da ruwa ke yi wa kostik soda

Jama'a, ku dubi robar nan. Ruwa ne lita ɗaya, ga kuma kostik soda, irin wadda masu haɗa sabulu ke saye a kasuwar Sabon Gari. A aji ana rubuta ta NaOH. Na auna giram 4, ina zubawa a hankali. Wannan ɗan kaɗan ne. Mai sabulun da ke zuba kofi-kofi, robarta har turiri take yi don zafi.

To ina sodar ta tafi? Tun tana ƙwaya, ayon iri biyu ne a manne da juna, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki: Na+ da OH-. Ƙwayoyin ruwa kuwa kowace fuska biyu gare ta: gefen oksijin da gefen haidrojin. Gefen oksijin ya yi wa Na+ zobe, gefen haidrojin ya kewaye OH-, sai su janye su ɗaya bayan ɗaya, kamar masu rabon faɗa. Kuma an rabu ke nan, babu komawa. Bes shi ne kishiyar asid, mai ba da OH- a cikin ruwa. Abin da ake nufi da bes mai ƙarfi ke nan: duk abin da ya narke ya rabu kakaf.

A nan ɗalibai ke zamewa a jarrabawa, har da na Samaru. Ƙarfi daban, yawa daban. Ko ka tsinka soda da ruwan randa guda, bes mai ƙarfi ce. Amoniya kuwa, wadda bes ce mara ƙarfi, in ka yi mata haɗi daidai da namu, kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ke ba da OH-. A ma'aunin pH, wanda ke hawa idan OH- ya ƙaru, namu ya kai 13, nata bai wuce 11 da ɗan ɗoriya ba. Tazarar kamar ƙarama, amma OH- ɗinmu ya ninka nata fiye da sau 70.

Ga zoɓo mara sukari. Na ɗiga masa ruwan sodar. Kun ga jan ya koma kore? Aikin OH- ne.

Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ne ya kawo wannan bayani na rabuwar ayon a cikin ruwa a 1884. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka ba shi makin tsira. A 1903 ya karɓi kyautar Nobel.

Masu sabulu, don Allah a sa safar hannu. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba. Kuma ban da tukunyar alminiyam, don soda cin ta take yi, tana fitar da iskar haidrojin mai kama wuta.