Takardar da ke ceto, takardar da ke kisa: makomar tafintocin Afganistan

Ku zana hoton nan a zuciyarku. Ƙarshen watan Agusta ne na 2021, a bakin filin jirgin saman Kabul, kusa da ƙofar da sojoji ke kira Abbey. Ruwan nan da mutane ke tsaye a ciki har gwiwa, kwatamin ƙazanta ne. Amma ba wanda ya damu da wari. Ku lura da hannuwansu: kowa ya ɗaga sama, riƙe da takarda a cikin leda, yana miƙa wa sojan da ke tsaye bisa katanga. Wani fasfo ne, wani katin aiki, wani kuma takardar yabo ce da wani hafsan Amurka ya sa wa hannu shekaru goma da suka wuce.

Kafin mutum ya iso nan da takardar, sai ya ratsa shingayen Taliban a cikin gari. In suka same ta a jikinsa, ta zama shaidar da za ta halaka shi. In ya ƙone ta a gida don tsoro, ya iso ƙofa hannu rabbana, ba mai saurarensa. Gaba kura, baya sayaki. Wannan takarda ita ce maganarmu ta yau.

Su wane ne mutanen? A can ana ce musu tarjuman, wato dangin kalmarmu ta tarjama. Mu kuwa tafinta muke cewa, kalmar da muka gada tun zamanin Turawan mulki, kuma duk wanda ya ji labarin wancan zamani ya san matsayin tafinta: Bature bai gama yarda da shi ba, mutanen gari ma ba su gama yarda da shi ba. Haka abin ya kasance a lardunan Helmand da Kandahar na kudancin Afganistan. Sojan da bai jin Fashtu ko Dari kurma ne kuma bebe. Tafinta ne kunnensa, shi ne bakinsa, shi ke gaya masa cewa dattijon nan da ke murmushi ba da zuciya ɗaya yake yi ba. Yakan fita sintiri fuska a rufe da ƙyalle, da sunan aro da sojoji suka laƙaba masa, don kada a gane ɗan gidan wane ne. Duk da haka akan gane. Sai a wayi gari a tarar da wasiƙar dare manne a ƙofar gidan mahaifinsa: ɗanka ya bar aikin kafirai, ko ku kuka da kanku. Ban da tafintoci akwai direbobi, masu dafa abinci, masu gadi, makanikai, dubbai.

A 2009 majalisar dokokin Amurka ta yi musu doka ta musamman, wadda ta samar da bizar da ake kira SIV. Alƙawarin a baki mai sauƙi ne: ka yi wa gwamnatin Amurka aiki da aminci na tsawon lokacin da aka ƙayyade, rayuwarka ta shiga haɗari saboda haka, to kai da matarka da ’ya’yanka ƙanana za ku samu izinin zama na dindindin. Daga baya aka ƙara cewa kada aikin gwamnati a kan kowace takarda ya wuce wata 9.

To bari mu bi hanyar tare. Mu ɗauka kai ne ka yi tafinta shekara uku a wani sansani a kudu. Farko ana son wasiƙa daga kamfanin da ya ɗauke ka, don galibin tafintoci ba sojoji ne suka ɗauke su kai tsaye ba, ’yan kwangila ne. Kamfanin kuwa kwangilarsa ta ƙare tuntuni, ya rufe ofis, adireshin imel ɗinsa ya mutu. Sannan ana son wasiƙar shaida daga shugabanka na wurin aiki. Kyaftin ɗin da ka yi wata tara kana bin bayansa ya koma gida, ya tuɓe kaki, wataƙila ma laƙabinsa kawai ka sani. Sai ka shiga Facebook kana laluben fuska. In ka dace ka haɗa duka, sai ka aika neman amincewar ofishin jakadanci. Kuskuren kwanan wata ɗaya, ko a rubuta sunanka da baƙaƙe daban a takardu biyu, abin da ke faruwa kullum idan ana mayar da suna daga rubutun Larabci zuwa boko, ya isa a ce ba a amince ba. In kuwa an taɓa sallamarka daga aiki, ko a kan saɓani ne da wani sajan, to an soke maka wannan amincin baki ɗaya. Bayan wannan ga ganawa ido da ido, ga gwajin lafiya, ga binciken tsaro da ba wanda zai gaya maka ranar gamawarsa.

Wata 9 a doka, shekaru a aikace. Har kotu aka je, kuma a 2019 wata kotun tarayya a Washington ta ce jinkirin ya saɓa hankali. A 2020 korona ta tsayar da ganawa a ofishin jakadancin Kabul. A daidai wannan shekara, ranar 29 ga Fabrairu, Amurka ta sa hannu da Taliban a Doha kan janyewa. Wato an sa ranar tafiya, layi kuwa bai motsa ba. Zuwa tsakiyar 2021, kimanin mutum 18,000 ne ke jira, ban da iyalansu. Jirgin farko na kwashe su bai sauka a Amurka ba sai ranar 30 ga Yuli, da mutum kusan 200. Ranar 15 ga Agusta Kabul ta faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A makonni biyun da suka biyo baya an kwashe sama da mutum 120,000, kuma gaskiya aiki ne babba. Amma wanda ya iya kutsawa ne ya shiga, ba lallai wanda ya fi cancanta ba. Ranar 26 ga wata ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a wannan ƙofa da muka fara gani, ya kashe sojojin Amurka 13 da ’yan Afganistan kimanin 170. Jirgin ƙarshe ya tashi ranar 30. Yawancin masu neman SIV suna ƙasa suna kallo.

Waɗanda suka isa Amurka, kimanin 76,000, mafi yawansu an shigar da su ne da izinin jinƙai na shekara biyu, wanda ba ya kai mutum ga zaman dindindin. An gabatar da ƙudirin gyara wannan a majalisa a 2022, da goyon bayan ’yan jam’iyyun biyu da tsofaffin sojoji, amma bai zama doka ba.

Waɗanda aka bari fa? Taliban ta shelanta afuwa ga kowa. Sai dai ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar ya tattara aƙalla kisan gilla 218 na tsofaffin jami’an gwamnati da na tsaro daga Agustan 2021 zuwa Yunin 2023. Kuma da yake ofishin jakadanci ya rufe, dole mai neman biza ya fita wata ƙasa a gana da shi. Galibi Fakistan. Ya sayar da gida, ya kama haya a Islamabad, bizarsa ta Fakistan ta ƙare yana jira. A ƙarshen 2023 Fakistan ta fara korar ’yan Afganistan marasa takardu. An gudu ba a tsira ba.

Labarin Birtaniya ma sai an zauna. Ta buɗe nata shirin, ARAP, a Afrilun 2021, ta kuma kwashe kimanin mutum 15,000 a watan Agusta. A Fabrairun 2022 wani jami’in tsaro ya aika imel bisa kuskure, ɗauke da jerin sunaye da bayanan mutum kusan 19,000 da suka nemi shirin. Ba a farga ba sai Agustan 2023, da wani ɓangaren jerin ya ɓulla a Facebook. Me gwamnati ta yi? Ta samu umarnin kotu da ya hana a ba da labarin, ya kuma hana a faɗi cewa akwai umarnin ma. Kusan shekara biyu ana kwaso wasu a asirce, alhali mafi yawan waɗanda sunayensu ke ciki ba su san an fallasa su ba. Sai ranar 15 ga Yulin 2025 aka ɗage umarnin. Makonni biyu kafin nan an riga an rufe karɓar sababbin masu nema. Hujjar gwamnati ita ce in labarin ya fita Taliban za ta nemi jerin. Hujja ce mai kama hankali. Amma mutumin da ake farauta, ai ya fi kowa haƙƙin sanin cewa an ba da adireshinsa.

Jamus kuwa ta yi alƙawarin karɓar mutum 1,000 duk wata a shirin da ta buɗe a 2022, ba ta ko kusanci adadin ba, sabuwar gwamnatin 2025 kuma ta dakatar, ta bar mutum wajen 2,000 a Fakistan riƙe da takardun amincewa. Wasu sai da kotunan Jamus suka tilasta aka ba su biza.

Kada mu yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci. Masu neman a tsaurara suna da abin faɗa: an samu takardun jabu, an samu masu sayar da wasiƙun shaida, kuma a rububin Agusta an shigo da mutane kafin a gama tantance su. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ke shigowa gidanta. Abin da ke da wuyar haɗiyewa shi ne, mutumin da aka yarda ya kwana a tanti ɗaya da sojojinka, ya san inda za su bi gobe, shi ne yanzu ba a yarda ya tuƙa tasi a Texas ba.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Da Faransa ta bar Aljeriya a 1962, ta bar dubban harki, ’yan ƙasar da suka yi mata yaƙi, aka yi musu kisan kiyashi. Sai a Satumban 2021 Shugaba Macron ya nemi gafararsu. Mu ma nan kusa, sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadas a 2024, kuma kowane sansani yana da ’yan gari da suka ci abinci a cikinsa.

A Amurka ƙofar ta ci gaba da tsukewa. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da shirin karɓar ’yan gudun hijira, har da waɗanda aka riga aka yankar wa tikiti. A watan Yuni aka sa Afganistan cikin ƙasashen da aka hana shiga, amma aka keɓe masu SIV. Sai ranar 26 ga Nuwamba aka harbi dakarun tsaron ƙasa biyu a Washington, ɗaya ta rasu, kuma wanda ake tuhuma ɗan Afganistan ne da ya yi aiki da rundunar da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ke tallafawa, ya shigo a 2021. Nan take aka tsayar da duba takardun ’yan Afganistan baki ɗaya. Laifin mutum ɗaya, aka shafa wa kowa kashin kaji. A watan Disamba aka cire keɓewar da aka yi wa masu SIV ɗin ma.

A lokacin, a wani tsohon sansanin sojan Amurka a Katar mai suna As Sayliya, akwai sama da ’yan Afganistan 1,000 da Amurka da kanta ta kai can don su jira jirgi na gaba. An ce musu zaman ’yan makonni ne. Wasu sun shekara sun wuce, takardunsu na nan a cikin leda.